Lagwanin Da Bai Bushe Ba

Makon jiya aka cike rijiyar gidanmu ta Abbaganaram. Yashi da ɓaraguzan bulo aka juye mata har ta toshe, wai za a fitar da shago a wurin a riƙa sayar da katin waya da ruwan leda. Jikana ne ya zo har Ajilari, inda nake zaune yanzu, ya ba ni labari, yana faɗa yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. Na ce masa madalla, Allah ya sa wa shagon albarka. To me zan ce? Yaron da ya buɗe ido ya tarar da burtsatse a bakin titi, ga 'yan ga-ruwa suna turo kura cike da jarkoki har ƙofar gida, ina zai san darajar rijiya? Bai taɓa jin ƙarar faɗawar guga a ruwa ba, bai san zafin igiya a tafin hannu ba, bai ga yadda matan maƙwabta ke shigowa da tuluna suna sallama ba, wannan ta ce sannu, waccan ta ce wushe da Barbarci, mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta roƙi na sha. A zamaninmu duk labarin unguwa a bakin rijiya ake jin sa, daga haihuwa har rasuwa. Amma ba kewar rijiya ce ta hana ni cin tuwo a ranar ba. Akwai abin da na aikata ina yarinya, na binne shi ban gaya wa kowa ba, kuma har yau da furfura ta cika mini kai, in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni ni kaɗai a ɗaki.

Babana mutumin Kano ne, ya zo Yerwa, babban birnin Borno, yana saurayi, garin ya karɓe shi bai koma ba. Sana'arsa yasar rijiya. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ko laka ta cika ƙasan rijiya, ko wani abu ya faɗa ya ruɓe, shi, Malam Habu mai yasa, ake aika wa. Siriri ne, ba shi da yawan magana, in ya yi dariya ma ba a jin sautinta. Ƙanensa, Baffa Sale, shi ke riƙe masa igiya a sama. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Inna takan ce ya sangarta ni, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ina da baki, ina da rawar kai, in aka aike ni sayen daddawa sai na biya gida uku kafin in dawo. Duk wanda ya kawo ƙarata, Baba zai ce, "Ai ba a dukan uwa," magana ta ƙare.

A aljihun taguwarsa kullum akwai wani ɗan gwangwani, irin na man zafi ɗin nan mai murfi, wanda bai cika tafin hannu ba. Kyandir ne a ciki, haɗin gida. An huda gefen gwangwanin biyu an sa masa ɗan marataya na waya, a cikin murfin kuma akwai tsinken ashana uku da ɗan yankin kwalinta a naɗe cikin takarda. Kafin Baba ya sa ƙafa a kowace rijiya, sai ya kunna shi, ya ɗaura masa dogon zare, ya riƙa zura shi a hankali har ƙasa. In wutar ta isa kusa da ruwa tana ci, ya ce bismillahi ya sauka, ya kafa kyandir ɗin a wani lungu na jikin rijiyar yana aiki yana satar kallonsa. In kuwa ta mutu a hanya, to akwai mugunyar iska a ciki, irin wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana tsaye sai dai a ji ya zube. Ranar nan ko za a haɗa shi da Allah da Annabi ba zai sauka ba, sai an bar rijiyar a buɗe, an yi ta zura ganye ana ja ana kaɗa iskar. Ba ya yarda da fitilar kananzir, ya ce tana da taurin rai kuma hayaƙinta ya isa ya shaƙe mutum. Kyandir ɗin kanti kuma karyewa yake a aljihu, zafin garin nan ya lanƙwasa shi. Yanzu kowa na yawo da fitila a bayan wayarsa, haske fes, amma fitilar waya ko a cikin kabari za ta ci, ba abin da za ta gaya maka.

Tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya haɗa kyandir ɗin ya dawo hannuna, don Baba ya ce hannuna ba ya rawa. Daga wajen masu zuma na kudancin Borno yake karɓo saƙar da aka riga aka matse. In zuba ta a tsohuwar tukunya da ruwa, in tafasa, gidan duk ya ɗauki ƙamshi har ƙudan zuma su fara kawo ziyara, Inna tana tsaki tana korarsu da mafici. In tace da tsumma, in ajiye a inuwa, washegari in tarar kakin ya taso ya daskare a saman ruwan, rawaya, faɗinsa kamar faifai. Lagwani kuwa zaren abawa ne, sili uku, a murza su a cinya su zama ɗaya, a jiƙa a ruwan gishiri don kada ya cinye da wuri, sannan a shanya a kan danga yini biyu cur. Nan ne Baba ba ya wasa. Yakan ce, "Uwata, kaki ko ya yi datti zai ci. Amma lagwani in da sauran laima a cikinsa, maƙaryaci ne." In ya bushe ƙarau, a tsoma shi a narkakken kaki, a ɗaure gindinsa da ɗan maɓalli a ajiye a tsakiyar gwangwani, a tallafe kansa da tsinken tsintsiya biyu a gicciye. Zubi biyu ake yi, don na farko in ya huce yakan lotsa a tsakiya. Ina son aikin nan, kuma ina son yadda 'yan matan unguwa ke kallona in na ce musu ba ni da lokacin wasa, ina haɗa wa Baba kyandir.

A bazarar da abin ya faru, ruwan rijiyar masallacin unguwarmu ya koma laka, Bulama, wato mai unguwa, ya aiko cewa ranar Asabar yake so a yi yasa. Kyandir ɗin Baba ya zo ƙarshe, sai na murza sababbin lagwani na shanya tun ranar Alhamis. Ranar Juma'a da la'asar na tafi kitso gidan Ya Falmata, wata maƙwabciyarmu Babarbariya da ba a kai ta iya kitso ba a duk unguwar. Ana tsakiyar yi mini hadari ya taso, ruwan farko na shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tuna da lagwanin. Wallahi na tuna, ba zan ce mantuwa ba ce. Amma rabin kaina a tsefe yake, ga 'yan mata cike da rumfa, na ce ba zan ratsa layi da kai kamar na mahaukaciya ba. Na zauna aka ƙarasa, muna ta shewa muna shaƙar ƙamshin ƙasa. Da na dawo na tarar da su sharkaf a kan danga. Na matse ɗaya a gefen zanina, na kara kansa a bakin murhu har ya yi kamar ya bushe, na tsoma a kaki, na yi zubi biyu yadda aka saba. In ka gan shi ba za ka ce da wani abu ba.

Da safe Baba ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya ce, "Uwata, ruwan jiya bai taɓa lagwanin ba ko?"

Na ce, "Tun kafin hadari na kwashe su, Baba."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya jefa a aljihu.

Da hantsi bakin rijiyar masallaci ya cika, don kowa na jiran ruwa. Dattawa a inuwar darbejiya, samari sun zo taya jan laka, mu 'yan mata muna gefe da tulunanmu, ni har da karkata kai don a ga sabon kitso. Da Baba ya iso, Bulama ya taso ya tare shi, "Wushe, Malam Habu, wushe da zuwa. Yau dai ka fitar da mu kunyar masallata." Baba ya tuɓe taguwa, Baffa Sale ya warware igiya. Baba ya kunna kyandir, wutar ta kama lafiya lau don kan lagwanin a bushe yake, ya fara zurawa a hankali. Bai kai rabi ba ta mutu. Ya jawo shi, ya ɗan ƙwaƙule kakin da farce, ya sake kunnawa. Ta sake mutuwa a daidai wurin. Sau uku, har ashanarsa ta ƙare. Ni kaɗai a duk taron nan na san busasshen kan ne yake cinyewa, wutar ta tarar da laima. Amma bakin nan nawa da ba ya rufuwa, ranar ko motsi bai yi ba.

Baba ya mayar da taguwarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, wuta ta mutu. Ba a shiga yau."

Bulama ya ce, "Malam Habu, rijiyar da kullum a buɗe take, ana jan ruwa safe da yamma?"

"Ni ma na yi mamaki. Amma ta mutu sau uku."

Sai wani saurayi mai suna Modu, ƙaƙƙarfa, wanda bai daɗe da fara haƙar rijiya ba, ya matso ya ce, "Baba Habu, ba raini ba, ka bari ni in gwada. In na ji wani abu zan ja igiya." Baba ya riƙe masa hannu yana roƙonsa da girman Allah kada ya shiga. Modu ya zame hannunsa cikin ladabi, samari suka riƙe masa igiya, ya sauka. Can sai ga muryarsa daga ƙasa, da Hausarsa ta Barebari, "Ku turo guga! Iskan nan ya fi na sama daɗi ma!" Aka kwashe da dariya. Har azahar yana ciki yana turo laka yana raha da na sama. Baba ya tsaya a gefe bai tafi ba, idonsa a kan igiyar, sai da ya ga yaron ya fito da ƙafafunsa sannan ya ce alhamdu lillahi ya kama hanyar gida. Ina biye da shi daga nesa, na ji wani yana cewa tsufa ne ya zo, wani ya ce ai shi yake hure wutar tun daga sama.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Aikina ne bayan kowace yasa in ɗauki gwangwanin in ƙara masa kaki. Da na ga rana ta busar da sauran lagwanin, sai na faki idon Inna na ƙwaƙule kyandir ɗin gaba ɗaya, na jefa jiƙaƙƙen lagwanin a masai, na sa busasshe, na sake zubi, na mayar aljihun taguwa. Washegarin ranar da na yi haka, Baba ya idar da sallar walaha, ya zauna a tsakar gida, sai ya ciro gwangwanin ya kunna ya ɗora a kan turmi. Ashe tunanin ya zo masa, ko kyandir ɗin ne ke da matsala. Ina daga madafa ina leƙe. Wutar ta miƙe tsaye, ko rawa ba ta yi, ta ci, ta ci, har ya gaji da kallo ya rufe ta da murfi. Ya ce wa Inna, "Kyandir lafiyarsa ƙalau. To ni kuma ban san abin da zan yarda da shi ba." Da na bar masa na farkon, da a take zai gane, ya yi mini faɗan da bai fi na yini ɗaya ba, ya fita ya gaya wa mutane. Da hannuna na toshe masa wannan hanyar, don kawai kada ya daina ganina yadda yake ganina.

Daga nan aike ya ɗauke. Duk mai rijiya Modu yake nema. In Baba ya ratsa majalisa sai a ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga Malam Ta-mutu nan," sunan kuma ya bi shi har bakin yara. Bai taɓa tankawa ba. Ya koma gyaran igiyoyin guga a zaure, mutumin da a da ba ya yini a gida. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Sau nawa na kai masa abinci na durƙusa da niyyar in faɗa, sai ya ɗago ya ce, "Uwata, yaya aka yi?" in ce ba komai. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, ina cikin rumfa a bushe, shi yake ta dukansa.

Da rani ya zagayo, wani mutum a unguwar Dala ta nan Yerwa ya sayi tsohon gida mai rijiyar da aka daɗe da rufewa da katako, yana so a buɗe ta. Modu ya yi tafiya, shi ya sa aka tuna da Baba. Ban je ba, Baffa Sale ne ya ba mu labari daga baya, yana faɗa yana share ido da hularsa. Kyandir ɗin da Baba ya tafi da shi na kirki ne, lagwaninsa yini huɗu na shanya shi. Ya zura, zaren ko gaba uku bai yi ba wuta ta mutu. Ya sake, ta mutu. Sai ɗaya daga cikin mutanen da ke zaune a inuwa ya ce, "Ta mutu ko, Malam?" sauran suka tuntsire da dariya. Mai gidan ya ce, "Ba komai, Malam Habu, in ba za ka iya ba sai mu jira yaron nan ya dawo." Baffa ya ce, "Yaya, mu tafi gida, don Allah." Baba ya daɗe yana kallon gwangwanin a tafin hannunsa, sannan ya miƙa wa Baffa, ya ɗaura igiya a ƙirji ya ce, "Sale, riƙe." Baffa ya ce bai gama sakin gaba biyar ba ya ji igiyar ta yi nauyi lokaci guda. Su huɗu suka jawo shi, kansa yana bugun bangon rijiyar, ya fito idanu a kafe, kumfa a baki.

Bai mutu ba. Ya yi makonni a asibiti, ya dawo ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshensa ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da yake faɗa. Gidanmu ya cika da 'yan dubiya. Masu kiransa da wancan sunan su ne a gaba, kai a sunkuye. Bulama ya zo da kansa ya nemi gafara a madadin unguwa. Modu da ya dawo ya durƙusa a gaban tabarmarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce ba zai ƙara shiga rijiya ba sai da kyandir irin na Baba Habu. Duk wanda ya shigo, Baba zai ɗaga hannun hagu ya nuna ni, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito, "Kyandir ɗin Uwata ba ya ƙarya. Ni ne na ƙi ji." Sai a juyo a yi ta sa mini albarka, mata suna shafa kaina, ana cewa a yi koyi da 'yar Malam Habu. Na karɓa. Masu yasa daga Dala, daga ko'ina cikin Yerwa, suka riƙa kawo gwangwanayensu in zuba musu, suna cewa in ba na hannuna ba ne hankalinsu ba ya kwanciya. Na yi musu shekara da shekaru, ban sake yin ha'inci ko sau ɗaya ba, amma duk yabon da aka yi mini ji nake kamar ana tuɓe mini zani a kasuwa.

Shekara tara ya yi a kan tabarmar nan. Na yi aure, na haihu, ina zuwa kullum da la'asar in dama masa fura in ba shi da ludayi, don ba ya karɓa a hannun kowa in ina nan. Wata rana Inna ta fita barka, gidan daga ni sai shi sai jaririyata tana barci a bayana. Ya rame sosai, na ga alamar ba zai daɗe ba. Na ce yau ko ƙasa za ta tsage sai na faɗa. Na ajiye ludayin, na gyara durƙuso.

Na ce, "Baba, kyandir ɗin nan na ranar rijiyar masallaci…"

Ya ɗago hannun hagunsa ya dafa nawa. Ya daɗe yana haɗa maganar, yawu yana zuba a gefen bakinsa, ina gogewa da bakin mayafina.

Ya ce, "Na sani. Na san abin yana damunki." Ya huta, sannan ya ci gaba, "Kada ki sa wa ranki. Kyandir ɗin nan ma gaskiya ya faɗa. Allah ne kawai ya tsare yaron nan Modu. Naki bai taɓa yi mini ƙarya ba, Uwata."

Yana kallona yana murmushi da rabin fuskar da ta rage masa, yana jira in amsa. Na buɗe baki, ga maganar a kan harshena.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na ɗauki ludayin na ƙara masa fura, ya sha. Kwana goma sha biyu bayan nan aka kai shi makwancinsa.